ƘARFIN ARO: ABIN DA ƘWAYA DA KAYAN MAYE SUKE YI A CIKIN JIKI

 

A zagayen da muke yi cikin ikkilisiyoyi domin koyarwa a kan taki, iri da ruwan sha, sau da yawa bayan an tashi taro wata uwa daga zumuntar mata takan ja mu gefe ta ce, "Malam, ɗana ba ya shan giya, magani ne kawai yake sha domin aikin gona. Wannan ma akwai damuwa?" Mun ji wannan tambaya a wurare da dama, har muka ga ya kamata mu amsa ta a fili.

A wata damina, a ɗaya daga cikin ƙauyukan da muke aiki, wani saurayi ɗan ƙodago yana cikin huɗa sai ya yanke jiki ya faɗi, yana jijjiga, kumfa tana fita ta bakinsa. Waɗansu suka ce iska ce, waɗansu suka ce jifa aka yi masa. Da aka kai shi ɗakin shan magani aka laluba aljihunsa, sai ga katin tiramol mai lamba 225, an riga an ɓalle guda uku tun safe. Allah ya yi masa sauran kwana. Amma da iyayensa sun san abin da ƙwayar take yi a cikin kai, da sun gane alamun tun watanni kafin ranar.

Matsalar ba ta birni kaɗai ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 magunguna irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce.

Abin da muke so mu bayyana abu ɗaya ne: babu ƙwayar da take ƙara wa mutum ƙarfi ko farin ciki daga waje. Abin da yake cikin jiki take ara ta kashe a yini ɗaya, jikin kuma ya biya da ruwa.

YADDA ƘWAƘWALWA TAKE AIKA SAƘO

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin abincin da jiki yake ƙonawa. A cikinta akwai ƙananan jijiyoyi wajen biliyan 86. Jijiyoyin nan ba su manne da juna ba. Tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai ɗan rata, kamar rafi tsakanin ƙauyuka biyu. Idan wannan tana so ta yi magana da waccan, sai ta saki wani sinadari, wato ɗan aike, ya haye ratar. A ɗaya gefen akwai ƙofofi masu kwaɗo, kowane ɗan aike kuma yana da mabuɗin ƙofarsa. Idan ya buɗe, saƙo ya isa.

Waɗansu 'yan aiken suna cewa "tashi, yi sauri", waɗansu suna cewa "dakata, huta". Waɗansu suna kai labarin ciwo, waɗansu suna rage shi. Da haka muke tafiya, muke tunawa, muke barci, muke numfashi ba tare da mun yi tunani ba.

Kayan maye mabuɗin jabu ne. Waɗansu sun yi kama da ɗan aiken gaskiya, sai su buɗe ƙofar da ba a aike su ba. Waɗansu suna sa a saki 'yan aike da yawa a lokaci ɗaya. Waɗansu kuma suna hana a kwashe ɗan aiken bayan ya gama aikinsa, sai ya yi ta buga ƙofa.

Wurare uku a ƙwaƙwalwa ya kamata mu riƙe. Na farko, sashen goshi, inda hankali da kamun kai suke, shi ne yake cewa "kada ka yi, za ka yi da-na-sani". Na biyu, can tsakiya, wurin jin daɗi da marmari. Na uku, gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, shi ne yake riƙe da numfashi da bugun zuciya ko muna barci.

LADAN DA JIKI YAKE BA KANSA

Allah ya yi mu da wani tsari mai kyau. Idan mai yunwa ya ci tuwo, ko mai ƙishi ya sha ruwa, ko manomi ya ga rumbunsa ya cika, tsakiyar ƙwaƙwalwa takan saki wani ɗan aike da ake kira dofamin. Saƙonsa shi ne, "Wannan abu yana da amfani, ka tuna da shi, ka sake nemansa." Shi ya sa muke tashi mu nemi abinci, mu yi aure, mu yi renon 'ya'ya.

A 1954, masana biyu a jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, James Olds da Peter Milner, sun sa siririyar waya a wannan wuri a cikin kan ɓera, suka haɗa ta da wani ɗan maɓalli. Duk sa'ad da ɓeran ya taka maɓallin, wurin yakan motsa. Ɓeran ya dinga takawa ɗaruruwan sau cikin awa guda. A gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga ɓeraye masu yunwa suna barin abinci domin maɓallin.

Kusan dukan kayan maye, kowane ta hanyarsa, wannan maɓalli suke takawa, da ƙarfin da abinci ko aikin hannu ba sa kaiwa. Ƙwaƙwalwa sai ta rubuta cewa wannan abu ya fi abinci, ya fi iyali, ya fi mutunci. Tana kuma haddace duk abin da ke kewaye da shi: abokan, inuwar da ake zama, lokacin yamma, kuɗin ƙodago a tafin hannu. Shi ya sa wanda ya bari wata shida yakan ji marmari ya taso masa da zarar ya bi ta tsohuwar majalisarsu.

BASHIN DA RUWANSA YAKE ƘARUWA

Dukanmu mun san bashin damina: ka karɓi buhu ɗaya a watan Agusta, ka biya biyu da kaka. Haka ƙwaya take yi.

Jiki ba ya son abin da ya wuce kima. Idan ana buga ƙofofin nan kullum, ƙwaƙwalwa takan rufe waɗansu, ta kuma rage nata 'yan aiken. Daga nan abubuwa uku suke biyowa.

Na ɗaya, sabo. Ƙwaya ɗaya da ta isa bara, bana sai biyu, baɗi sai huɗu.

Na biyu, dushewar daɗin rayuwa. Tun da ƙofofin sun ragu, abinci ba ya daɗi, hira da iyali ba ta daɗi, waƙar sujada ba ta motsa shi. Yanzu ba don jin daɗi yake sha ba, yana sha ne domin ya ji kamar sauran mutane.

Na uku, ciwon rashi. Ranar da bai samu ba, jiki yakan juya. Mai shan tiramol ko kodin yakan yi ta hamma, hawaye da majina suna zuba, ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi, ga gudawa, ga rashin barci. Da yawa sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Idan ya sha ƙwayar, nan da nan ya warware, sai ya ce, "Ka gani, magani ne." Bai sani ba ciwon da ƙwayar ta haddasa ne take kwantarwa.

A lokaci guda kuma sashen goshi, wanda ya kamata ya taka birki, yana raunana. Marmari ya yi ƙarfi, birki ya lalace. Wannan shi ne abin da likitoci suke nufi idan sun ce mutum ya kamu.

TIRAMOL DA KODIN

Tiramadol, wanda aka fi sani da tiramol, maganin ciwo ne na gaskiya. A ƙasar Jamus aka haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977. Shi da kodin dangin mofin ne, suna buɗe ƙofofin da jiki yake amfani da su wajen rage zafin ciwo. Wani ɓangare na kodin ma hanta ce take mai da shi mofin.

Me ya sa mai huɗa ko mai haƙar kuza yake jin ya yi ƙarfi? Gajiya da ciwo 'yan gadi ne. Su ne suke cewa, "Tsokar nan ta gaji, bayan nan zai ji rauni, jikin nan yana bukatar ruwa." Tiramol yana toshe bakin ɗan gadin, yana kuma ƙara waɗansu 'yan aike masu sa kuzari. Ba ya ƙara ko ƙwayar dawa ɗaya ta abinci a cikin tsoka. Mutum yakan yi aikin kwana biyu a yini ɗaya da jikin da ya ci abincin rabin yini. Ciwon baya, ƙaba da raunin gaɓoɓi suna ta girma, shi kuwa bai ji ba.

Ƙarfin da hukuma ta amince da shi a Nijeriya shi ne miligiram 50 da 100, iyakar abin da likita yake ba babban mutum a yini kuwa 400 ne. Waɗanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa sukan kai 200, 225 ko 250. Ku lissafa: 225 sau biyu ya zama 450, ya riga ya wuce iyaka. Saurayin da muka ambata ya sha 675 kafin rana ta take. Tiramol yana sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su yi tartsatsi gaba ɗaya, wannan shi ne farfaɗiyar da aka gani. Idan ta kama mutum a kan babur, ko a cikin ramin haƙa, ko a bakin rafi, ba sai an faɗa ba.

Babban haɗarin dangin nan shi ne numfashi. Suna danne gindin ƙwaƙwalwa, numfashi ya yi ta raguwa, mutum ya yi barci ya wuce. Sauran alamu su ne taurin bayan gida, ƙaiƙayi, gyangyaɗi da rama. Waɗansu maza suna shan tiramol domin zaman aure, amma dogon amfani yana rage sinadarin mazakuta, a ƙarshe abin da ake nema shi ake rasawa.

A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda ake sayar da shi ga matasa. Amma an ci gaba da fasa-ƙwaurinsa, sababbin ƙwayoyi kuma suna shigowa. A 2025 ƙasar Indiya ta hana haɗa wata ƙwaya mai tafentadol da ake turowa Afirka ta Yamma, wadda ta fi tiramol ƙarfi. Wanda ya saya a hannun mai talla bai san abin da ya haɗiye ba.

GIYA

Giya tana ƙarfafa ɗan aiken da yake cewa "dakata", tana kuma raunana mai cewa "tashi". Sashen goshi take fara kwantarwa. Shi ya sa mai kunya yakan zama mai surutu, mai haƙuri ya zama mai faɗa. Daga nan ta sauka wurin da yake daidaita tafiya, mutum ya yi ta tangaɗi. Idan ta yi yawa sai ta kai ga numfashi.

Barasar da ke cikin burukutu ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, amma ta ogogoro da goskolo da 'yan leda takan kai 40 ko fiye. Hanta ce take tace ta, kuma ba ta iya tace fiye da wajen ƙaramin kofi ɗaya na giyar kwalba a awa guda. Farfesu, shayi ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara mata sauri. Shekara da shekaru hanta takan tara kitse, ta kumbura, daga baya ta taurare. Sai a ga ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, wani har da aman jini. Wanda yake da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankunanmu, tasa hantar ta fi saurin lalacewa.

Giyar da aka dafa a ɓoye takan zo da wata guba da ake kira metanol, mai makantarwa da kisa. A 2015 mutane da dama sun mutu ta haka a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta jawo mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya a 2019.

WIWI

Sinadarin da yake bugarwa a cikin wiwi ana kiransa THC. Ƙofofin da yake buɗewa suna da yawa a wurin ajiye sabon abin da aka koya, da wurin auna lokaci da nisa. Ɗan makarantar da yake sha yakan karanta shafi ya manta kafin ya juya. Ɗan acaɓa yakan ga mota tana nesa alhali ta iso. Ido yakan yi ja, zuciya ta yi ta bugawa, yunwa ta taso. THC yana maƙalewa a cikin kitsen jiki, yakan yi kwanaki, ga mai sha kullum har makonni, kafin ya fita.

Ba kowane mai shan wiwi ne yake haukacewa ba, matasa kuma sun san haka, shi ya sa ba sa jin mu idan mun ce duk mai sha zai bi bola. Gaskiyar ita ce haɗarin taɓin hankali yana ƙaruwa sosai ga wanda ya fara da ƙuruciya, da mai sha kullum, da mai shan iri mai ƙarfi, da wanda akwai ciwon a danginsu. Alamun farko su ne zargin mutane, jin muryoyi, magana shi kaɗai da ƙin wanka.

SHOLISHO, ƘWAYOYIN BARCI DA ZAƘAMI

Sholisho, fetur da sauran abubuwan shaƙa sun fi kama ƙananan yara domin arha. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da wata riga mai kitse, kamar robar da take rufe wayar lantarki. Tururin sholisho yana cin wannan riga. Abin da yakan biyo baya shi ne mantuwa, rawar hannu, raunin ji da tangaɗi, wani lokaci har iyakar rai. Yana kuma rikita bugun zuciya. Yaro yana iya mutuwa nan take, ko a shaƙar farko, musamman idan an firgita shi ko ya sheƙa da gudu. Saboda haka idan kun tarar da yaro yana shaƙa, kada ku bi shi da bulala.

Valium da rochi magungunan barci ne, birki ɗaya suke takawa da giya. Suna shafe tunanin abin da ya faru. Mugaye sukan jefa rochi a cikin lemo domin su lalata 'yan mata. Mu gargaɗi 'ya'yanmu kada su karɓi abin sha da aka riga aka buɗe a wurin biki.

Zaƙami da ƙwayar Exol hanyarsu ɗaya: baki ya bushe, jiki ya yi zafi babu gumi, baƙin tsakiyar ido ya buɗe, fitsari ya ƙi fita, mutum ya yi ta ganin abin da babu. Ƙarfin zaƙami ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, babu mai iya auna shi.

ƘANƘARA DA TABA

Akwai wani abu mai kama da gishiri ko fasasshen gilashi da ake kira ƙanƙara. Hukumar NDLEA ta fara gano wurin dafa shi a Legas a 2011. Yana sa a zubar da dofamin kamar an fasa madatsar ruwa. Mutum yakan kwana biyu ko uku bai runtsa ba, ba ya cin abinci, yana zargin kowa, jininsa ya hau har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Taba sigari kuwa, ko da yake ba ta sa tangaɗi, nikotin da ke cikinta yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, shi ya sa barinta yake da wuya. Hayaƙin yana kawo ciwon daji, ciwon huhu da na zuciya, har ga matar da yaran da suke ɗaki ɗaya da mai sha.

ABUBUWA UKU DA SUKA FI KISA

1. Haɗawa. Tiramol ko kodin tare da giya ko Valium, dukansu numfashi suke dannewa. Abin da kowane ɗaya ba zai yi ba, su biyu za su yi.

2. Komawa bayan an bari. Wanda ya yi makonni bai sha ba, a asibiti ko a gidan yari ko a gida, sabon jikinsa ya ragu. Idan ya koma ya sha adadin da ya saba a dā, yana iya zama na ƙarshe.

3. Yanke giya ko ƙwayar barci farat ɗaya. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya tsaya a rana ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya kama rawar jiki, ruɗewa da farfaɗiya, har mutuwa. Irin wannan sai a hannun ma'aikacin lafiya. Kulle shi a ɗaki ba taimako ba ne.

Mu ƙara da wannan: sashen goshi ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, don haka wanda ya fara yana ɗan 14 ya fi saurin kamuwa. Mace mai ciki kuma, abin da ta sha ɗan cikinta ya sha. Giya tana lalata ƙwaƙwalwar jariri tun kafin a haife shi, kodin da tiramol kuma suna bi ta nono.

IDAN MUTUM YA FAƊI

Idan ba ya farkawa, numfashinsa yana ja a hankali ko yana minshari mai ƙarfi, leɓɓansa sun canza launi, baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke kamar kan allura:

1. Ku kwantar da shi a gefensa, fuskarsa ta ɗan dubi ƙasa, domin kada amai ya shaƙe shi.
2. Kada ku ɗura masa manja, madara, ruwan gishiri ko wani abu. Zai wuce cikin huhu.
3. Kada ku ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Ku nemi abin hawa nan da nan.
4. Ku tafi da katin ƙwayar ko kwalbar, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya. Akwai allurar da ake kira nalokson, wadda take kwance dangin mofin cikin mintoci.

Idan farfaɗiya ce, ku kawar da fartanya, wuta da duwatsu, ku sa tsumma a ƙarƙashin kansa. Kada ku danne shi, kada ku cusa cokali a bakinsa. Idan ta lafa ku juya shi gefe, ku kai shi asibiti. Idan ta wuce minti biyar, rai yana cikin haɗari.

TO, INA AIKIN IKKILISIYA?

Ba muna cewa mai shaye-shaye ba shi da alhaki ba. Ƙwayar farko shi ya miƙa hannu ya karɓa. Amma wanda ya kamu, wurin da yake yanke shawara ne ya ji rauni. Ce masa "ka bari kawai" kamar ce wa mai karaya ne ya tashi ya yi gudu. Yana bukatar tuba, yana kuma bukatar ɗori. Mari da sarƙa da duka, ko a gida ko a gidan addu'a, ba sa mayar da ƙofofin ƙwaƙwalwa yadda suke. Mu yi addu'a, mu kuma kai shi wurin masu magani, gama biyun ba sa gāba da juna. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta jihar Sakkwato, akwai sashen masu wannan ciwo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ofisoshin NDLEA na jihohi kuma suna da masu ba da shawara. A fara da ma'aikacin lafiya mafi kusa.

Labari mai daɗi shi ne ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa. Zafin ciwon rashi na tiramol yakan lafa cikin mako guda ko biyu. Barci da jin daɗin abinci sukan ɗauki watanni. Hotunan ƙwaƙwalwar waɗanda suka bar ƙanƙara sun nuna gyara mai yawa bayan shekara guda ko fiye. A cikin watannin nan ne mutum yake ji kamar duniya ba ta da gishiri, a nan ne kuma ya fi bukatar wanda zai biya masa da safe su tafi gona tare, da wurin zama a cikin mawaƙa ko ƙungiyar matasa. Idan ya zame ya koma, ba a fara daga sifiri ba. Da yawa da suka tsaya da ƙafafunsu yau sun faɗi fiye da sau ɗaya.

Akwai kuma maganar da ta shafe mu kai tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Idan mai gona ya yanka wa 'yan ƙodago aikin da jikin mutum ba zai iya gamawa a yini ba, ya san da abin da za su gama shi. Mun ji inda ake jefa ƙwaya a cikin kunun ma'aikata. Mun san kuma waɗansu masu teburin magani da masu dafa giya tare muke zama ranar Lahadi. Dattawa su dubi wannan da ƙauna, amma kada su kau da kai. Ƙarfin gaskiya daga tuwo da wake da gyaɗa yake zuwa, da ruwan sha a bakin gona, da hutun tsakar rana, da barcin dare. Gayyar da kakanninmu suka yi ta noma manyan gonaki ba tare da kati ko ɗaya ba, domin hannu da yawa ne suka raba aikin.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne kayan maye ne ake samu a ƙauyenmu, a wane lokaci na shekara aka fi shan su?
2. Aikin da muke ba 'yan ƙodago da ladan da muke biya, suna tura su ga ƙwaya?
3. Idan wani ya faɗi yau, wa yake da abin hawa, wane asibiti ne mafi kusa?
4. Wanda ya fito daga jinya, wa zai riƙe shi a watanni shida na farko?

Muna roƙon fastoci da shugabannin zumuntar mata da na matasa su karanta wannan a taronsu, su kuma bayyana wa waɗanda ba su iya karatu ba. Ranar 26 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, tana kuma faɗowa daidai lokacin da aikin gona ya yi zafi. Zai yi kyau kowace ikkilisiya ta keɓe Lahadin da ta fi kusa domin wannan koyarwa.

Ga uwar da ta yi mana tambaya, amsarmu ita ce: i, Mama, akwai damuwa, amma lokaci bai ƙure ba. Ki zauna da shi da safe sa'ad da hankalinsa yake kwance, ki tambaye shi guda nawa yake sha a yini, ki saurara ba tare da zagi ba, sa'an nan ku tafi wurin ma'aikacin lafiya tare.

Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu, ya ba mu hikima da haƙuri. Amin.